Wane Mudu Muke Auna Uwa Da Shi?

  

Akwai maganar da ba ta ƙarewa a majalisunmu, ko a bakin shago bayan la'asar, ko a ƙofar masallaci tsakanin magariba da lisha: wai matan yanzu sun watsar da reno sun kama neman kuɗi, shi ya sa yara suka lalace. Duk ranar da aka kama wani yaro da kwalbar maganin tari, ko aka ga yarinya da farantin talla a tasha har ƙarfe tara na dare, tambayar farko da ke fitowa daga bakin jama'a ita ce, "Ina uwarsa take?" Ba kasafai za ka ji wanda ya ce ina ubansa ba.

To, yawancinmu a nan 'yan kasuwa ne, mun san mudu. Mun kuma san cewa Allah ya saukar da sura guda a kan masu tauye awo, mutanen da ke son a cika musu fal in za su karɓa, su kuma rage in za su bayar. Awo bai tsaya a gero da masara ba. Hukuncin da muke yanke wa mutane da bakinmu shi ma awo ne. Don haka tambayarmu a wannan fitowa ita ce: mudun da muke auna uwa da shi, na gaskiya ne? Kuma shi ne muke auna uba da shi?

Abin da ake nema a wurinta

Uwa ta gari a bakin mutanenmu ita ce wadda kullum tana gida, yaranta tsaf, sun tafi boko da safe a kan lokaci, sun tafi Islamiyya da yamma da haddarsu a ka. Ta shayar shekara biyu, ta dafa sau uku, ta yi jinyar surukarta, ta karɓi baƙin maigida da fara'a. Wannan shi ne abin da ake faɗa a fili. Akwai kuma sharaɗin da ba a faɗa, amma kowa ya san da shi: in maigida ya ajiye kuɗin cefanen da ba zai kai ba, ita ta san yadda za ta yi ta cike. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, wannan sharaɗin ya ƙara nauyi. Yau in an je bincike kan yarinyar da za a aura, cikin tambayoyin farko akwai, "Tana da sana'a?" Shekara biyar bayan nan, bakin da ya yi wannan tambaya shi ne zai ce sana'a ta ɗauke mata hankali daga yara.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Ɗauki matar direban tirela, irin waɗanda suka cika garin nan, don kowa ya san Potiskum garin manyan motoci ne. Maigida ya yi lodin shanu ko wake ya nufi Legas, ba za a gan shi ba sai bayan mako biyu, in mota ta lalace a hanya ya kai wata. Ita tana sayar da ƙosai da kunu. Wake tun dare ta jiƙa ta surfe. Kafin kiran assalatu ta tashi, ta aika markaɗe ko ta je da kanta, ta hura wuta, ga goyo a baya. Ƙarfe bakwai tana tuya da hannu ɗaya tana ɗaura wa ɗan aji biyu igiyar wando da ɗayan. Hantsi ta kama wanke-wanke da neman ruwa, ta ɗora na rana, 'yan boko su dawo, ta shirya su Islamiyya, ta ɗora tuwon dare, ta sake jiƙa waken gobe. In jaririn ya kwana da zazzaɓi, wannan daren ma ya tafi. Yanzu a nuna mana a wane sa'i cikin ashirin da huɗun nan za ta zauna ta ji karatun kowane yaro, ta san da wa ɗanta mai shekara goma sha huɗu yake yawo. In kuwa ta ajiye kaskon don ta sami wannan sa'in, wa zai sayi sabulu da maganin zazzaɓin kafin mota ta dawo?

Uwar da muke tunawa

Masu kukan lalacewar zamani kan ce iyayenmu mata ba haka suke ba. Gaskiya ne ba haka suke ba, amma mu tuna da kyau. Wanda duk ya haura shekara hamsin a cikinmu ya ga mahaifiyarsa tana sana'a daga cikin kulle: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, fura, kaɗi, saƙar faifai, kitso, kiwon awaki. Da ribar nan ake zubin adashe, da ita ake tara kwanukan 'ya mace. Hausa ba ta taɓa sanin uwa mai zaman banza ba.

Abin da take da shi wanda 'yarta ta yau ta rasa shi ne hannuwa. Gida ne babba, sassa da yawa, ƙofa ɗaya. Akwai kaka a zaune, akwai goggo da ta dawo gida, akwai matan 'yan uwan miji, akwai abokiyar zama wadda ranar girkinta ke ba ki hutu ko da ba kwa shiri. Cikin fari a kai yarinya goyon ciki gidansu. Ta haihu, tsohuwa ta tsaya mata kwana arba'in na wankan jego, ba ta daka ba ta ɗebo ruwa. Lokacin yaye a ɗauki yaro a kai wa kaka. Wani ɗan ma a ba da shi riƙo ga wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ɗan fari kuwa, saboda alkunya, sau da yawa kakarsa ce uwarsa ta zahiri. Da aka ce ɗa na kowa ne, tsarin gida ne ake bayyanawa.

Mu kuma mutanen wannan unguwa baƙunta ce asalinmu. Fatauci da neman halali ne suka kawo kakanni da iyayenmu daga ƙasar Kano da Haɗeja da Katagum da sauran wurare, suka sami Ngizimawa da Karekare da Bolawa suka ba su masauki. Garin ya yi ta bunƙasa tun da Sarkin Fika ya dawo da fadarsa nan a 1924, ya ƙara cika bayan an ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991. Wanda ya zo ci-rani da jakarsa da matarsa yake zuwa, kaka da goggo suna can gida. Waɗanda suka daɗe sun kafa manyan gidaje, amma 'ya'yansu yanzu kowa ya yi aure sai ya kama ɗaki biyu na haya a bayan gari, nesa da tsofaffi, kusa da maƙwabcin da bai san sunansa ba. Aikin da mata biyar suke rabawa a da ya tattaru a kan mace ɗaya, ita kuma ake aunawa da abin da biyar ɗin suka fitar. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Me addini ya ɗora wa wa?

Wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kusan kowane zauren karatu a ƙasar nan ya sani, ya ga yadda malaman Malikiyya suka raba wannan kaya. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli na uba ne, kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara a nan ta ajiye su, a daidai wurin da ta ambaci shayarwar shekara biyu. Ayar ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta hana a cutar da uba saboda ɗansa, ta kuma halatta a nemi wata ta shayar in an biya ta haƙƙinta. Matar da aure ya ƙare tsakaninta da uban yaro, in ta shayar, tana da ikon karɓar lada a hannunsa, kamar yadda Suratuɗ Ɗalaƙi ta nuna. Wato shari'a ta ɗauki shayarwa da reno aiki ne mai daraja har da farashi. A haƙƙin riƙon yaro kuma an jera mata a bayan uwa: in babu ita sai kaka, sai 'yar uwar uwa, sai a gangaro ga sauran dangi. Ba a taɓa tsara reno a kan mutum ɗaya tilo ba.

Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hannun Halimatus Sa'adiyya ya sha nono, kuma babu wanda ya taɓa cewa wannan ya rage darajar Nana Amina. Nana Khadija attajira ce mai aika fatake Sham, ita ce kuma uwar 'ya'yansa in ban da Ibrahim. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da sana'ar hannunta take ciyar da mijinta da marayun da ke ɗakinta, da ta aika tambaya aka ba ta amsar lada biyu, na zumunci da na sadaka. Innar Jabir ɗan Abdullahi tana cikin idda wani ya hana ta fita girbin dabinonta, Annabi ya ba ta izini. A ƙasarmu kuma ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo, uwar 'ya'ya, mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ku duba hikimar tsarinta na 'Yan Taru: jajis suna jagorantar tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata su zo su ɗauki karatu, su koma ƙauyuka su kai wa masu goyo har cikin ɗaki. Ta san mai jariri ba za ta iya doguwar tafiya ba, sai ta nemo wanda zai yi tafiyar a madadinta.

Akwai kuma labarin Sayyidina Umar da ya kamata kowane mai saurin yanke wa uwa hukunci ya riƙe. Wani ayarin fatake ya sauka a Madina, Umar da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Cikin dare ya ji jariri yana ta kuka, ya je ya yi wa uwar nasiha. Kukan bai tsaya ba, ya koma, har a ƙarshe ya yi mata faɗa sosai. Ita ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa dalili: tana ƙoƙarin yaye shi ne tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da gari ya waye ya yi sallar asuba cikin kuka, ya sa aka yi shela cewa daga yau duk abin da aka haifa yana da kasonsa. Da ya tsaya a kan faɗan da ya yi mata, da an ci gaba da yaye jarirai da wuri a duk faɗin daula. Ya bi kukan har ya gano inda ya samo asali, ya tarar a cikin tsarin da shi kansa yake riƙe da shi ne.

Ba duk aiki ne ɗaya ba

Idan muka ce "mace mai aiki" muna haɗa mutane daban-daban a buhu ɗaya. Akwai wadda larura ta fitar. Garin nan bai manta harin kasuwar shanu na watan Mayun 2012 ba, da bam ɗin kasuwar waya a Janairun 2015, da na tashar mota a Fabrairun wannan shekarar. Magidanta nawa suka fita neman abinci ba su dawo ba? Matansu su ne yau suke tuyar awara da wankau da aikatau. Ga waɗanda hatsarin hanya ya mayar zawarawa, ga waɗanda aka saka aka bar musu yara ba ko sisi. Wanda zai buɗe baki ya ce wa irin wannan baiwar Allah ta zauna ta yi reno, to ya fara aiko da buhun masara.

Akwai wadda al'umma ce ke buƙatarta. Dukanmu in iyali za su haihu fata muke a sami mace ta karɓi haihuwar. Dukanmu mun fi so malama mace ta koyar da 'ya'yanmu mata da suka fara girma. To ungozomar nan da ta yi karatu a Damaturu, da malamar da ta fito daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan garin, ba daga sama suka faɗo ba. Matan wasu ne, iyayen wasu ne. Naƙuda ba ta san dare ba, dole wata ta bar nata a gida ta zo ta tsaya a kan namu. Abin da malamai ke kira farilla ta kifaya ke nan, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Bai dace a ce da daddare muna yi mata addu'a a bakin ɗakin haihuwa, da safe kuma muna cin namanta a majalisa ba.

Akwai kuma wadda mijinta ya wadata ta, amma tana son ta nemi nata. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, kuma neman halali ba laifi ba ne in an yi shi da yardar juna da kiyaye iyakokin Allah. Sai dai a nan awon ya bambanta, domin ita tana da zaɓin da waɗancan biyun ba su da shi.

Haƙƙin wanda ba ya iya magana

Masu cewa taura biyu ba ta taunuwa suna da gaskiyarsu, kuma ba za mu rufe ta ba. A duk wannan muhawara akwai mutum ɗaya da ba ya zuwa majalisa ya kare kansa, shi ne yaron. Bai roƙi a haife shi ba. Likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya suna cewa a ba jariri nono zalla wata shida, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, wanda ya yi daidai da abin da muka karanta tun muna allo. Shekarun nan na farko ba sa dawowa. Ciniki in ya wuce ka yau, gobe kasuwa za ta sake ci, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka uwar da ke da zaɓi, ta kuma zaɓi ta bar ɗan wata uku daga safe zuwa magariba don ƙarin ribar da gidan bai buƙata, ta sani amana ce ta ajiye, kuma za a tambaye ta. Haka wadda tana gida jikinta, amma idonta na kan waya tun safe, yaro na wasa kusa da kaskon mai ko bakin rijiya. Zama a gida kaɗai bai zama reno ba.

Abin da muke cewa shi ne haƙƙin yaro bashi ne a kan mutum fiye da ɗaya. In an tauye shi, a bi duk waɗanda ake bi, kada a tsaya a ƙofar mai rauni a cikinsu.

A yanzu kuwa, kun san wa ke biyan wannan bashin? Yarinya. In uwa ta rasa mai taimako, babbar 'yarta ce ke zama uwa tun tana shekara tara. Ita ce goyo, ita ce talla, ita ce ake cewa yau ki zauna gobe kya je makaranta, har goben ta daina zuwa. A gidan masu hali kuma sai a ɗauko 'yar wani daga ƙauye, ita ma yarinyar ce da ke buƙatar reno, a damƙa mata jariri a kira ta 'yar aiki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare a kan kowane yaro, kuma tun kafin doka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar magana a kan masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Yarinyar da aka cire daga aji don ta yi reno, ita ce gobe za ta zama uwar da ba ta iya karanta takardar magani ba, sai kuma a ce ba ta iya reno ba.

Mu tambayi kanmu me ke tura tallan nan. Wani ɓangare yunwa ce. Wani ɓangare kuwa kayan ɗaki ne. Al'ada ta ɗora wa uwa gado da kujeru da jeren kwanuka da gara, kuma ranar kai amarya mata za su shiga su ƙirga su fito su ba da labari. In ɗakin bai cika ba a ce uwar ba ta da zuciya. In ta tura yarinya talla don ta cika shi a ce ba ta da tarbiyya. Ta ina za ta fita? Mu da muka kafa wannan gasar muna da kaso a cikin kowane faranti da ke yawo a tasha da daddare.

Ina uban?

A sulhun da ake kawowa masallaci, sau da yawa za ka ji magidanci yana cewa shi dai ya sauke nasa tunda ya ajiye kuɗin cefane. Hadisin da ya ce kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin kiwonsa, namiji ya fara ambata a kan iyalinsa kafin ya ambaci mace a kan gidan mijinta. Umarnin kare kai da iyali daga wuta a Suratut Tahrim bai cire uba ba. Wasiyyar tarbiyya mafi shahara a Alƙur'ani ta uba ce ga ɗansa, wato Luƙmanu.

Anas ɗan Malik ya ba da labarin cewa Ibrahim ɗan Annabi yana wurin mai shayarwa a unguwannin gefen Madina, mijinta maƙeri ne, gidan duk hayaƙi. Annabi, da duk nauyin al'umma a kansa, yakan taka har can ya ɗauki yaron ya sumbace shi ya dawo. Ya yi wa mutane limanci yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwar da ke cikin sahu. Mu kuwa a nan namiji ya ɗauki ɗansa ya zaga da shi sai a fara kiransa mijin-ta-ce. Wa ya fi wani sanin mazantaka, mu ko shi?

Alhaji, sa'o'in da ake kashewa a majalisa daga lisha zuwa sha ɗaya ana gardamar siyasa da ƙwallon Ingila, a cire guda ɗaya a ciki a ji haddar yara. Mai shago, ɗanka mai shekara goma in ya taso Islamiyya ranar da babu boko, zamansa kusa da kai yana koyon awo da gaskiya ya fi masa yawon unguwa, kuma haka aka yi mana. Direba, wayar da kake kiran dillali da ita daga Ogbomosho za ta iya kiran malamin ɗanka. Wanda kuma matarsa ke cike masa cefane daga ribar kaskonta, ya sani alheri take yi masa, ba wajibinta ba ne. Mafi ƙarancin sakayya shi ne godiya, da kama mata wani abu daga cikin aikin.

Abin da unguwa za ta iya

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa in ta dawo. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya mata suna da mako 16, kuma a 2021 an amince wa maza da kwana 14. Amma mai tuyar ƙosai ba ta da wanda zai ba ta hutu, kuma yawancin matanmu irinta ne. Saboda haka maganin namu a hannunmu yake.

Na farko, masu makarantun kuɗi da Islamiyyu da shagunan ɗinki a cikinmu su ji tsoron Allah a kan matan da ke musu aiki. Malamar da ta haihu a ba ta hutunta da albashinta, kada a sa ta zaɓi tsakanin jego da aikinta. In ta dawo a ware mata ɗaki da lokacin shayarwa.

Na biyu, azuzuwan Islamiyyunmu da yawa a rufe suke daga safe zuwa azahar. A unguwar nan kuma akwai dattawan mata masu amana, waɗanda suka yi renon goma suka aurar, yanzu suna zaune ba abin shiga. Me zai hana kwamitin masallaci da ƙungiyar mata su haɗa waɗannan biyun? A buɗe aji ɗaya, a shimfiɗa tabarmi, a sa randa, iyaye su riƙa ba da ɗan abin da aka yanka a mako, masu hali su ɗauki nauyin 'ya'yan zawarawa daga zakka ko sadaka. Tsohuwa ta sami abin goro da mutunci, uwa ta yi sana'arta da kwanciyar hankali, babbar yarinya ta koma aji. Kakar da muka baro a gida ce za mu sake samarwa.

Na uku, mu sassauta wa juna a kan kayan ɗaki da anko da gara. In manyan unguwa biyar suka aurar da 'ya'yansu da sauƙi da gangan, suka kuma faɗa a fili, talaka zai sami inuwar fakewa.

Na huɗu, iyayenmu mata, ku ma a tsakaninku. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma sau da yawa maganar da ta fi yi wa mai aiki zafi daga bakin surukarta ko maƙwabciyarta take fitowa, haka ita ma mai albashi takan raina ta gida ta ce ba ta waye ba. Wadda ta zauna ta yi reno aiki take yi, mai nauyi kuwa. Wadda ta fita ta nemo halali ta dawo ta rungumi 'ya'yanta ita ma uwa ce cikakkiya.

Mun san hadisin mutumin da ya tambayi wa ya fi cancantar kyautatawarsa, aka ambaci uwa sau uku kafin uba. Muna yawan karanta shi a wa'azi a matsayin yabo, alhali umarni ne aka ba mu: a kyautata mata. Kyautatawar kuma ba sai ta tsufa an kai ta Makka ba. Tana farawa ne tun yau da take da goyo a baya da kasko a gaba. Don haka in an sake kawo labarin yaron da ya kauce hanya, kafin a tambayi ina uwarsa, a tambayi me ta ci jiya, wa ya kama mata, ina uban, ina dangi, ina mu maƙwabta. In an amsa waɗannan, sai a zo kan nata kason, a auna mata shi da adalci.

Allah ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya shirya mana zuriya, ya ba garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya mai ɗorewa.